Gwamnan da Na Yi wa Aski a Misfala

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. Mahaifina ya baro ƙasar Kano da ƙafa tun yana saurayi, ya daɗe a Sudan yana aikin auduga kafin ya tsallako teku, a Makka ya haife ni. Zabirarsa na gada, da askarsa da ƙahonsa, da gurbin da yake zama a wani lungu na unguwar Misfala, jikin bangon wata gahawa, wato shagon shan shayi. Lokacin hajji nakan koma wajen Marwa in yi ta aske kawunan alhazai har hannuna ya ƙage. Sauran watanni kuwa ina lunguna, 'yan ga-ruwa da 'yan dako su zo aski, tsofaffi su zo ƙaho.

'Yan shekaru bayan an gama babban yaƙin nan na duniya, wasu mutanen ƙasar Sin suka sauka a unguwarmu. Ganin Sinawa a Makka ba sabon abu ba ne, amma waɗannan sun zo ne lokacin da kowa ke tafiya, alhazai sun watse, gidajen haya sun zama wayam. Suka kama wani dogon gida mai tagogin katako a bakin lungunmu. Mun ga akwatunan ƙarfe da aka yi ta shiga da su, mun ga mazan da ko sun sa jallabiya tafiyarsu ta soja ce. Mai gahawa, wani mutumin Yaman da babu labarin da ke wuce shi, ya ce babbansu mai mulkin lardi guda ne, lardin da ya fi Hijaz faɗi, 'yan gurguzu ne suka ci ƙasar suka kore shi. Mu Hausawan lungun sai muka sa masa suna Gwamna, sunan ya bi shi har kabari.

Wata safiyar Juma'a wani siririn mutum mai tabarau ya tsaya a kaina. Daga baya na san shi ne magatakardan Gwamna.

"Kai ne ustan aski?"

Na ce ni ne, don usta ake ce wa gwanin sana'a a Makka.

"Ɗauko kayanka. Ka wanke hannu tukuna."

A ƙofar gidan suka zazzage zabirata, suka jujjuya kowace aska. Da na shiga ɗakin sama, wani ƙato ya zo ya tsaya a bayana, ina jin numfashinsa a ƙeyata har na gama.

Gwamna gajere ne kakkaura, gemunsa 'yan tsiraru, yana zaune a kan kujera, hannayensa a kan gwiwa. Larabcinsa na littafi ne, irin na mai karanta tafsiri, ni kuwa nawa na kasuwa ne, sai da muka yi ta lallaɓa juna kafin kowa ya kama zancen ɗan'uwansa.

Ya ce, "Daga ina kake?"

Na ce, "Nan aka haife ni, ya ammi," wato baffa, yadda muke kiran dattijo a nan.

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na ce masa mu mutanen Kano ne, can ƙasar baƙar fata, amma ban taɓa ganinta ba. Ya tambaya yaushe za mu koma. Na ce mahaifina har ya rasu yana cewa baɗi.

Ina goga masa sabulu, sai ya ce, "Mu ba za mu kai baɗi a nan ba."

Daga ranar na zama wanzaminsa, duk Juma'a da hantsi. A hankali aka daina binciken zabira, ƙaton nan ma ya koma tsayawa a bakin ƙofa. Mutum idan yana ƙarƙashin aska bakinsa yakan buɗe, na sha ganin haka. Gwamna kuwa ina jin ya fi sakewa da ni ne saboda ba ni da kowa a ƙasarsu, duk abin da ya faɗa mini a cikin ɗakin zai tsaya.

Ya ce ubansa falken gashin tumaki ne, yana saukar da kaya ta kogi a kan wani irin kwalekwale da ake haɗawa da salkunan fata da aka hura wa iska. Su Musulmi ne tun kaka da kakanni. A makarantar masallaci ya koyi Larabci, wani tsohon ma'aikaci kuma ya koya masa rubutun ƙasarsu. Wannan rubutun ne ya ɗaga shi. Sojoji suka biyo ta garinsu suna neman mai iya rubutu, suka tafi da shi yana ɗan saurayi. Bai taɓa zama gwanin bindiga ba, da bakinsa ya faɗa mini. Abin da ya iya shi ne ya san inda hatsi yake, da yadda za a kai shi inda sojoji suke kafin su fara cin na talakawa. Babban hafsansu ya lura da shi ya jawo shi jiki. Da hafsan ya zama mai mulkin lardin, sai ya ba shi gunduma guda ya riƙe.

Shekararsa ta farko a gundumar aka yi yunwa. Ya ce ya fasa rumbunan attajirai da ƙarfin soja ya raba wa mutane, attajiran suka kai ƙararsa, talakawa kuwa suka riƙa sa wa 'ya'yansu sunansa. In yana ba da wannan labarin har fuskarsa takan saki, sai in ɗaga aska in jira. Daga nan aka ba shi harajin lardin duka, daga baya aka yi shi mataimaki. Da maigidansa ya mutu, manyan ƙasar suka aiko da takarda cewa shi ne magaji, ko da yake ya ce takardar ba ta zo ba sai da suka tabbatar sojojin lardin shi suke bi.

Ya fi son zancen hanyar mota da ya fasa ta cikin duwatsu, da itatuwan da ya sa aka dasa a gefenta, da makarantar 'yan mata da ya buɗe duk da limamai sun yi ta tsine masa a huɗuba. Ni ina sauraro ina cewa ma sha Allah. Ban san dutsen ba, ban san kogin ba, amma na ga yadda yake zana su da yatsa a kan gwiwarsa.

Wata rana ina yi masa ƙaho a baya, yana kife a kan shimfiɗa, sai ya ba ni wani labarin da ban tambaye shi ba. Ya ce da yaƙi ya yi tsanani, manyan ƙasar suka matsa masa ya aika da sojoji, sai ya yi doka kowane gida ya ba da ɗa namiji guda. Wani gari da ke gindin dutse ya ƙi. Garin kuwa ba ya samun ruwa sai ta wata hanya da aka haƙo daga kogi. Bai tura soja ko ɗaya cikin garin ba. Sawa ya yi aka toshe hanyar ruwan daga sama, daidai lokacin da alkama ke fitar da kai, aka ajiye masu gadi.

Na ce, "Har yaushe?"

"Har suka kawo yaran."

"Mutane sun mutu?"

"Ƙanana da tsofaffi. Su ne ba sa jurewa." Ya ɗan gyara kwanciya. "Da na ƙyale su, duk garuruwan za su ƙi. Da an ƙi, da an turo wani daga sama wanda zai ƙone su. Ka gane, usta?"

Na cire ƙahon na share jinin. Duk wanda ya tashi a Makka ta wancan zamani ya san ƙishirwa. Na san yadda mata ke tsayawa a rana da garwa a shekarar da ruwa ya ja baya, na san kukan yaron da makogwaronsa ya bushe, ba ya ma fita sosai.

Da na koma gida na ba matata labarin, na ce mata ba zan ƙara taka gidan Gwamna ba. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba.

Ta ce, "Malam, kai wanzami ne ko alƙali? Kawunan da kake askewa a Marwa, ka san abin da kowannensu ya aikata kafin ya zo?"

Juma'a ta zagayo na ɗauki zabira na tafi. Amma daga ranar ban ƙara cewa ma sha Allah ba in yana zancen hanyarsa.

Labarin fitowarsa bai ba ni shi a dunƙule ba, guntu-guntu na tsinta. Sojojin da ya tara da irin waccan dokar, da abokan gaba suka matso, sai suka riƙa zubar da bindigogi suna komawa gidajensu. Ya tara manyan gari ya ce musu zai je ya karɓo makamai ya dawo, ya hau jirgin sama da 'yan mutanensa. Babban ɗansa ya bari yana tsaron gadar da ake shiga babban birnin lardin ta kanta. Uwar yaron ta ƙi biyo shi, ta ce ba za ta bar ɗanta ba. Daga wannan gari zuwa wancan, daga wannan tashar jirgin ruwa zuwa waccan, har suka iso Jidda. Tun ranar bai ƙara jin ɗuriyar ɗan da uwarsa ba.

Shekarun farko gidan nan kamar fada yake. Kullum da safe mutanensa za su jeru, magatakarda ya karanta abin da ya ji a rediyo, a yi shawara. Na taɓa tarar da su ana gardama mai zafi, da na tambayi magatakarda sai ya ce ana rabon muƙamai ne, wa zai riƙe wace gunduma idan an koma. Ya faɗa mini haka yana kallon ƙasa.

Sai mutanen suka fara zamewa. Zafin Makka ya fi ƙarfinsu, da yawa suka hau Ɗa'ifa inda ake samun sanyi, wani ya zama tela, wani ya buɗe wurin sayar da abinci. Kowa zai zo ya durƙusa ya ce na ɗan lokaci ne, Gwamna ya ɗaga hannu ya sallame shi kamar shi ya aike shi. Ƙaton da ya tsaya a bayana ranar farko, na gan shi daga baya yana tuƙa motar haya tsakanin Makka da Jidda. Akwatunan ƙarfe suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe magatakarda ma ya auri 'yar wani mai shagon yadi a Ɗa'ifa ya tafi. Aka bar Gwamna da wani tsohon soja mai dafa masa abinci, kurma-kurma, wanda bai iya Larabci ba sai na salla.

Da gidan ya fi ƙarfinsu, ni na samo musu ɗaki biyu a kan dutse wajen unguwar Nakkasa, kusa da namu. A lokacin wurin bai cika ba, 'yan ɗakunan dutse ne da rumfunan kwano, yawancinmu Hausawa da mutanen da suka biyo ta Chadi. Ranar da suka tare, Gwamna ya hau dutsen yana tsayawa yana haki, yara suna biye da shi suna kallon idonsa. Matata ta aika musu da kunun gero. Ya kurɓa ya daɗe riƙe da kwanon, ya ce a ƙasarsu ma haka talakawa ke sha da sanyin safiya, sai dai su ba sa sa tsamiya. Daga nan kullum sai an kai masa, ba tsamiya.

Ya zauna cikinmu shekaru. Maƙwabta suna gaishe shi da Gwamna, yana amsawa da "lafiya lau", abin da ya iya ke nan na Hausa. Babu wanda ya san labarin garin nan na gindin dutse sai ni da matata.

Wata shekara, gab da hajji, labari ya zo cewa sabuwar gwamnatin ƙasarsu ta bar wasu 'yan tsiraru sun zo sauke farali. Gwamna ya aiko a kira ni ba ranar Juma'a ba. Na yi masa aski, tsohon sojan ya ciro wata doguwar riga mai maɓallan zare da ban taɓa gani ba, ta yi masa yawa yanzu. Ya ce in raka shi, ƙafarsa ba ta da ƙarfi.

Muka sami masaukinsu kusa da Harami. Wani mutum mai matsakaicin shekaru, da alama shi ne jagoransu, ya fito. Gwamna ya yi masa magana da harshensu. Ina kallon fuskar mutumin lokacin da ya ji sunan, ta ɗaure tamau. Ya ce wani abu gajere ya rufe ƙofa.

Ba mu tafi ba. Muka koma ƙofar Harami da suke bi, muka zauna a inuwa har aka yi la'asar. Da suka fito a jere, Gwamna ya miƙe ya yi sallama. Babu wanda ya amsa. Wasu suka kau da kai, wasu suka ƙara sauri. Can baya akwai wani dattijo mai ɗingishi da aka bari, ya tsaya kamar yana gyara takalmi. Bai dubi Gwamna ba, takalmin yake kallo, amma bakinsa yana motsi da sauri. Gwamna ya jefa masa tambaya, ya amsa, ya ƙara jefa wata, ya amsa. Sai jagoran ya waiwayo, dattijon ya miƙe ya bi su.

Daga nan na kai Gwamna gahawar lungunmu na Misfala. Na zaunar da shi a kan mirkaz, dogon bencin igiyar nan da ake zama a kai, na sa aka kawo shayi. Shayin ya huce bai taɓa ba.

Ya ce, "Dattijon nan limami ne. Ya sha cin abinci a gidana."

Na ce, "Ya ba ka labarin yaron?"

"Bai yi faɗa ba. Buɗe musu gadar ya yi, shi ya sa ba su kashe shi ba. Suka tara mutane a fili, suka tsayar da shi ya lissafa laifuffukana da bakinsa, ya ce shi ba shi da uba. Bayan haka suka kai shi wani wuri mai nisa aiki. Babu wanda ya san ko yana da rai."

"Mahaifiyarsa fa?"

"Ta rasu."

Na yi masa ta'aziyya. Ya gyaɗa kai kamar wani ake yi wa.

Na ce, "Tilasta shi aka yi, ya ammi. Kada ka riƙe shi."

"Ban riƙe shi ba. Abin da ya faɗa ai ba ƙarya ya yi ba." Ya juya finjalin a hannunsa. "Na tambayi limamin me mutane ke cewa a kaina yanzu. Ya ce da farko ana zagina a kowane taro. Yanzu an daina. Yaran da ke makarantar da na gina ba su san an yi ni ba."

Mai gahawa ya zo yana yi masa barka da ganin 'yan ƙasarsu, na yi masa ido ya koma.

Bayan wannan hajjin Gwamna bai ƙara tambayar abin da rediyo ya ce ba. Bai ƙara zancen hanya ko makaranta ba. In na zo aski sai ya miƙo kai kawai. Wani lokaci ya tambaye ni ko mahaifina ya yi baƙin ciki da bai koma ba. Na ce ban sani ba, bai taɓa faɗa ba, sai dai a ƙarshen rayuwarsa ya daina zuwa gaida alhazan Kano in sun zo. Gwamna ya ce ya gane dalili.

Tsohon sojan ne ya fara rasuwa, zazzaɓi ya kwantar da shi bai tashi ba. Hidimar Gwamna ta dawo kanmu da maƙwabta, wannan ta kai abinci, wancan ya kai ruwa. Ba a daɗe ba wata safiya matata ta je kai kunu ta tarar da shi a ƙasa, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Muka ɗaga shi, aka kira mai magani, ya rayu. Amma Larabcin ya tafi gaba ɗaya. Fatiha kaɗai ta rage masa. Sauran duk harshensu yake yi, ya yi ta magana yana kallonmu, ya tsaya yana jiran amsa, mu kuwa sai dai mu ce na'am.

Na aika Ɗa'ifa da saƙo ta hannun wani direba. An ɗau lokaci kafin magatakarda ya zo. Ya yi ƙiba, ya sa farar jallabiya da rawani irin na mutanen gari, Larabcinsa ya koma na kasuwa kamar nawa. Ya durƙusa a gaban shimfiɗar, Gwamna ya kama hannunsa ya yi ta zuba magana. Ana tsakiyar bazara, kwanon ɗakin kamar zai narke, gumi yana ɗiga daga haɓar magatakarda.

Na ce, "Me yake cewa? Wasiyya ce?"

Ya cire tabarau ya goge. "A'a. Cewa yake ƙanƙara za ta sauko, a shigo da tumaki. Yana kiran yayarsa ta rufe ƙofa, sanyi yake ji."

"Ka tambaye shi ko akwai inda ke masa ciwo."

Ya tambaye shi. Gwamna ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce wani abu a hankali.

Magatakarda ya ce, "Tambaya yake kai wane ne."

Na roƙe shi ya ɗauke shi zuwa Ɗa'ifa, cikin mutanen da ke jin harshensa. Ya ce gidan surukinsa yake zaune, ba shi da iko. Ya ce zai yi magana da sauran. Ya bar ɗan abin da ya bari ya kama motar yamma. Babu wanda ya zo.

Gwamna ya kai har bayan azumi. Muna juya shi, muna wanke shi, matata tana ɗura masa kunu da cokali. Maganar ta riƙa raguwa har ta tsaya. Ya cika wata ranar Talata da hantsi, ina wurin aiki, maƙwabciyarmu ce ke zaune a wurinsa.

Mu muka yi masa wanka, mu muka sauko da shi daga dutsen a kafaɗa, 'yan ga-ruwa da 'yan dako da wani mai tsire. Aka sallace shi a Harami bayan azahar tare da sauran gawawwakin ranar, liman bai san ko wane ne ba, mai sanarwa ya ce a yi salla ga mamata. A maƙabarta mai haƙa ya tambaye mu ko ɗan'uwanmu ne, da ya ga duk baƙaƙe ne muka kawo shi. Mai tsiren ya ce maƙwabci ne.

Saƙon rasuwar ya isa Ɗa'ifa a makare. Na ji an ce sun taru sun yi masa addu'a a can. Ɗakin kuwa ba a yi mako ba wasu mutanen da suka iso ta Sudan suka shiga, miji da mata da 'ya'ya ƙanana. Matar ta zo ta tambayi matata ko za ta iya amfani da tukunyar da suka tarar a ciki, matata ta ce ta ɗauka, babu mai zuwa nema.